In Hadari Ya Ka Da Turakun Wuta: Darasi Game Da Ƙarfin Rana

Duk wanda ya yi damina ko da guda ɗaya a Jos ya san yadda hadarin farkon shekara ya ke zuwa. Da la'asar sai ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik kamar an ɗaure ta. Jim kaɗan sai ta taso gaba ɗaya, da ƙura da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Kafin ruwa ya sauka sosai ta yaye kwanon wani gida, ta karyo reshen itace ta ɗora bisa waya, ta ka da falwaya biyu ko uku. Ruwan da ƙyar ya kan wuce awa guda, amma duhun da ya bari a unguwa ya kan kwana bakwai, wani lokaci fiye. A watannin Afrilu da Mayu aka fi ganin haka.

Abin da na ke so mu duba cikin wannan darasi, ya ku malaman gobe, shi ne dalilin da ya sa duhu ya ke daɗewa fiye da hadarin da ya kawo shi, da kuma abin da makaranta ko gida za su iya yi wa kansu. Magana ce ta labarin ƙasa, ta kimiyya, ta lissafi kuma, duk a ƙwarya ɗaya. Saboda haka kowane sashi ka ke karatu a kwalejin nan, akwai rabonka a ciki.

Bari mu fara da hadarin kansa. Kun lura kullum daga gabas ya ke fitowa ya nufi yamma. Masanan yanayi sun gano cewa da damina akwai wata iska mai ƙarfi can sama, wadda ta ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, tana tafe tana lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Wuraren da su ke da tuddai da duwatsu, irin su Habasha da Darfur da Azbin da wannan tudu namu na Jos, su ne su kan ingiza iska mai zafi da laima zuwa sama, gajimare ya haɗu, hadari ya tashi. Hadarin da ya tashi a nan ya kan bi ta kan Kaduna da Neja, ya yi yamma. Wani ya mutu a hanya, wani kuma ya haihu ya bar ɗa. Lanƙwasar iskar nan kuwa ba ta tsayawa sai ta fita ta gaɓar Senegal ta hau Tekun Atlantika. In ta tarar ruwan teku yana da ɗumi, kamar digiri 26 ko 27, sai ta yi ta shan tururi tana ƙara ƙarfi, ta fara juyawa kamar katantanwa. Sa'ad da gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, to ta zama mahaukaciyar guguwar teku. Da yawa daga cikin manyan guguwar da ke faɗa wa Amurka da tsibiran Karibiyan, asalinsu daga sararin samaniyarmu ne. Mu dai ba ta zuwa mana, domin ba ta rayuwa sai bisa teku, mu kuwa muna can tsakiyar ƙasa a bisa tudu mai tsawon ƙafa wajen 4,000, watau mita 1,200. Amma dangin hadarinmu ce, kuma abin da ta ke yi wa wutar lantarki shi ne abin da namu ya ke yi, sai dai nata ya fi girma.

Ga misali guda wanda ya kamata kowane malami ya sani. Cikin watan Satumba na 2017 wata lanƙwasar iska ta bar gaɓar Afirka ta Yamma, ta girma bisa teku, aka sa mata suna Maria. Ran 20 ga watan ta sauka a tsibirin Puerto Rico, wanda ke ƙarƙashin Amurka, da iska mai gudun kilomita wajen 250 a awa. Mutanen tsibirin sun fi miliyan uku, kuma a wannan rana babu wanda ya kwana da wutar gwamnati, ko ɗaya. Guguwar ta wuce cikin yini guda. Amma ba a gama mayar wa kowa da wuta ba sai cikin Agusta 2018, watau kusan wata goma sha ɗaya. 

 Daga baya gwamnatin tsibirin ta amince da ƙiyasin da masu bincike na Jami'ar George Washington suka yi, cewa mutum 2,975 suka rasu ta dalilin guguwar. Abin lura a nan, waɗanda iska da ambaliya suka kashe nan take kaɗan ne cikin wannan adadi. Mafi yawa sun mutu ne cikin watannin da suka biyo baya: tsofaffi, da masu ciwon sukari waɗanda allurarsu ta ke bukatar sanyi, da masu ciwon ƙoda da a ke wanke wa jini da inji, da waɗanda ba sa iya numfashi sai da na'ura. Duhun ya fi guguwar kisa.

Me ya sa gyaran ya daɗe haka, alhali kuwa ƙasa ce mai arziki a bayansu? Ku ɗauko taswira ku duba. Manyan tashoshin yin wuta na tsibirin suna gaɓar kudu, yawancin jama'a kuwa suna arewa wajen birnin San Juan, ga duwatsu da kurmi a tsakani. Wayoyin da ke ɗauko wutar dole su ƙetare duwatsun nan. Tashoshin ba su lalace ƙwarai ba, hanyar ce ta yanke. In rijiya tana cike da ruwa amma igiyar guga ta tsinke, ƙishirwa ɗaya ce da ta wanda rijiyarsa ta ƙafe.

To, yanzu ku ajiye waccan taswira ku ɗauko ta Nijeriya. Ashe ba hoto ɗaya ba ne? Yawancin wutar da a ke rabawa a ƙasar nan da iskar gas a ke yin ta, tashoshin gas ɗin kuwa galibi suna kudu. Sauran ta fito daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Dukanta in an haɗa, abin da ya kan isa ga jama'a bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Wannan 'yar wutar ma, kafin ta iso mana sai ta bi manyan layuka 'yan kaɗan, bisa dogayen turakun ƙarfe, ɗaruruwan kilomita cikin daji.

Mun kuwa ga abin da ya kan faru in layukan nan suka yanke, ba da guguwar teku ba. Cikin Afrilu 2024 ɓarayin ƙarfe suka lalata turaku huɗu a babban layin da ya tashi daga Jos zuwa Gombe, jihohin arewa maso gabas suka yi makonni suna fama. Bayan wata shida aka yi wadda ta fi. An riga an karya turaku a layin Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara da wuri. Nauyin Arewa duka ya koma kan layi guda, wanda ya taso daga Ugwuaji kusa da Enugu ya biyo ta Apir kusa da Makurdi ya nufo Jos. Ran 21 ga Oktoba 2024 shi ma ya faɗi. Yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu wajen kwana goma, sai ran 30 ga wata aka fara samun sauƙi. Ba sai na ba ku labarin kwanakin nan ba, da yawanku kun gani da idonku: mai walda ya rufe rumfa, mai niƙa ya ƙara kuɗi, mai sayar da kifi da nama ya zubar da jarinsa, famfo ya ƙafe domin injin turo ruwa ba ya tashi, mutum ya yi yawo da waya a hannu yana neman inda zai biya a yi masa caji. Ko iska ce ta ka da turke, ko ɓarawo ne ya kwance ƙusoshinsa, ga majinyacin da ke kwance a asibiti duka ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu mutanen Filato mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan magana, domin a ƙasarmu aka fara nuna wata hanya dabam. Zamanin haƙar kuza, Turawan kamfani sun bukaci wuta don injunan tono da na turo ruwa, itace kuwa ya yi ƙaranci a tudun nan, gawayin ƙasa kuma sai an ɗauko shi daga nesa. Sai suka duba suka ga ruwan da ke gangarowa daga bakin tudu yana zuba ƙasa a banza. Cikin 1923 aka kafa ƙaramar tashar ruwa mai megawat 2 a Kwall. Cikin 1929 kamfanin NESCO ya soma aiki da tashar Kurra, daga baya aka ƙara wasu kamar na Jekko. Ku tuna, madatsar Kainji ba a gama ta ba sai 1968. Watau Bukuru da sansanonin kuza sun ga hasken wutar ruwa kusan shekara arba'in kafin a ɗaure Kwara. Ba don jin daɗin talaka aka yi su ba, wannan gaskiya ne, don kuza aka yi su, kuma kududdufan da haƙar ta bari har yau suna nan suna cin gonaki. Amma darasin da ke ciki yana nan daram: wutar da aka yi kusa da inda za a sha ta, gajeriyar waya ta ke bukata, gajeriyar waya kuwa ba ta da wuyar gyara. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba kowace makaranta ke da mafaɗar ruwa a bayanta ba. Amma kowace tana da rufi, rana kuwa ba ta zaɓen gari.

Yadda Faifan Sola Ya Ke Aiki

Tun 1839 wani saurayi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya lura haske ya kan ta da 'yar wutar lantarki in ya sauka kan waɗansu abubuwa. An yi shekara ɗari da 'yan kai abin yana zaman wasan masana. Sai cikin 1954 waɗansu mutum uku a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar sola ta silikon, wadda ta iya mai da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka kanta ya zama wuta. Tsadarta a lokacin ta hana kowa saye sai masu harba tauraron ɗan Adam: cikin 1958 aka harba wani mai suna Vanguard 1 da irin ƙwayoyin nan a jikinsa. Silikon ɗin kuwa ba wani baƙon abu ba ne, daga yashi a ke tace shi, irin fararen duwatsun nan masu ƙyalli da yara ke tsinta a rafi.

A kan yanka silikon falle-falle, siriri kamar takarda mai kauri. Sa'an nan a gauraya fuskar sama da wani sinadari kaɗan, fuskar ƙasa da wani dabam, har ya zama a tsakaninsu akwai abin da zan kira gangare. In haske ya bugi fallen, ya kan ɓamɓaro ƙananan ƙwayoyin da a ke kira ilektiron daga mazauninsu. Gangaren nan ba ya barinsu su koma ta inda suka fito, sai dai su bi ta waya su zagayo. Zagayen nan nasu shi ne wutar lantarki. Babu abin da ke juyawa, babu abin da ke ƙonewa, babu ƙara, babu hayaƙi. Shi ya sa faifai mai kyau ya kan yi shekara ashirin da biyar yana aiki, sai dai ƙarfinsa ya ragu kaɗan-kaɗan.

Ku lura da kyau, haske faifan ya ke ci, ba zafi ba. Mutane da yawa suna zaton Sakkwato ko Maiduguri ne kawai ƙasar sola, Jos kuwa sanyi ya yi mata yawa. Ba haka ba ne. Zafi ma rage masa ƙarfi ya ke yi. Ƙarfin da a ke rubutawa a bayan faifai, an auna shi ne sa'ad da jikinsa ya ke digiri 25. Kowane digiri guda da ya ƙaru bisa haka, ya kan yi hasarar wajen kashi 0.4 cikin 100. In faifai ya gasu har digiri 65 a rufin kwano da tsakar bazara, hasararsa 40 sau 0.4, watau kashi 16. In iskar tudu ta riƙe shi a digiri 45, hasarar kashi 8 ce kaɗai. Sanyinmu riba ne. Abokan gabanmu a nan biyu ne: gajimaren Yuli da Agusta, da ƙurar hunturu.

Yanzu bari mu yi lissafi, domin a nan ne masu saye su ke faɗawa rami. Da tsakar rana, in gari ya yi garau, hasken da ke sauka kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ya kai wat 1,000. Faifan zamanin nan ya kan kama kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Saboda haka faifai mai girman ƙofar ɗaki, murabba'in mita biyu, zai ba da wat 400. Wat ma'aunin ƙarfi ne. In ka ninka shi da awoyin da abu ya yi yana aiki, ka sami abin da ya ci. Wat 1,000 na awa guda shi ne yunit ɗaya da mita ke ƙirgawa.

A ce an tura ka wata makarantar firamare a ƙauye, can wajen Bokkos ko Pankshin. Kana son fitilu goma na zamani masu wat 10, su yi awa 5 kowane dare don yara su yi bita: 10 sau 10 sau 5, ya ba da 500. Kwamfuta biyu ƙanana masu wat 50, awa 5 a yini: 2 sau 50 sau 5, shi ma 500. Cajin wayoyi ashirin, kowace a ba ta 10: ya zama 200. Jimla 1,200 a yini, watau yunit ɗaya da ɗan ɗori. Amma wuta ta kan zube a hanya, cikin waya da batir da inbata da ƙura, saboda haka ƙara sulusi: 1,200 da 400 sun zama 1,600. Sai ka tambaya, awa nawa rana ke bayarwa? Kada ka ce goma sha biyu. Hasken safe da na yamma raunana ne, in an tattara na yini duka aka mai da shi kamar na tsakar rana, awoyi kaɗan ya ke zama. Kuma kada ka yi lissafi da Fabrairu, yi da Agusta, watan da ya fi duhu. Ni awa 4 na kan ɗauka. Raba 1,600 gida 4, ka sami 400. Faifai guda mai wat 400 ke nan, ko biyu masu 200.

Saura batir, shi ne rumbu, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Babban batir na dalma da aka rubuta wa 12 da 200 a jiki, cikinsa 12 sau 200 ne, watau 2,400. Amma in kana son ya yi rai, kada ka ci fiye da rabinsa kafin ya sake cika. Rabin 2,400 shi ne 1,200, daidai abincin yini guda. In kana son ka tsallake kwana biyu na marka, sai ka sayi biyu. Batir na litiyam ya fi tsada wajen saye, amma a kan iya cin kashi takwas ko tara cikin goma na cikinsa, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. In da hali, shi zan ba ka shawara.

Sai dai wani zai ce, Malam, ai janareta ya fi arha. Ranar saye kam ya fi arha. Amma janareta doki ne, kullum sai an yi masa harawa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Farashin faifan sola a duniya kuwa ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Ban da haka, man nan shi ma doguwar hanya ya ke biyowa, a tanka, daga kudu, kamar wutar. A Puerto Rico masu janareta sun yi ta kwana a layin gidan mai. Ga kuma gubar da ke cikin hayaƙinsa, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ta sha kashe iyali guda cikin barci don an shigar da injin ɗaki gudun ɓarawo.

Kada kuwa ku fita daga nan kuna cewa sola ba ta da aibi. Mai talla ne kaɗai zai faɗi haka. Guguwar Maria ta farfasa wata babbar gonar sola a Humacao, ta yi watsi da faya-fayan kamar ganye. Faifai faffaɗan abu ne, iska tana son faffaɗan abu. In an kafa shi bisa kwanon da ƙusa huɗu ke riƙe da shi, hadarin Afrilu zai tafi da kwanon da faifan tare. Dole ƙarfen da ke riƙe da shi ya kama katakon rufin da kusoshi masu noti, kada a amince da waya ko igiya. Haka kuma akwai irin haɗin da a ke yi a ƙasashen Turai da Amurka, inda faifan ke zuba wutarsa kai tsaye cikin layin gwamnati ba batir. Irin wannan da gangan aka yi shi ya mutu in layin ya mutu, don kada ya kama ma'aikacin da ya hau falwaya gyara. Mutane da yawa can sun zauna cikin duhu ga faifai a rufinsu ga rana tana haskawa. Waɗanda suka tsira su ne masu batir. A wani gari na cikin duwatsu mai suna Adjuntas, wata ƙungiyar jama'a da a ke kira Casa Pueblo ta riga ta sa sola a gidanta tun 1999. Da guguwa ta wuce, gidan nan ya zama kamar rijiya cikin hamada: nan a ke zuwa cajin waya, nan a ke jona injin numfashi, rediyonsu ya ci gaba da magana, daga baya kuma suka raba dubban fitilun sola. Gida ɗaya tak. Ku yi tunanin abin da makaranta ɗaya za ta zama ga ƙauyenta.

A tudun nan namu akwai ƙarin abu biyu. Na fari tsawa: lalle a binne sandar tagulla cikin ƙasa a haɗa ta da ƙarfen faifan, a kuma sa abin tare tsawa kafin inbata, in ba haka ba walƙiya guda ta isa ta ƙone kayan duka. Na biyu ƙanƙara. Gilashin faifai na kirki an gwada shi da harbin ƙanƙara mai kaurin milimita 25, saboda haka irin wadda muka saba gani ba ta fasa shi. Na jabu kuwa, wanda aka manna wa takardar ƙarya a baya, babu mai lamuncewa. Kasuwa cike ta ke da su, faifan da aka rubuta wa 300 ba ya ba da 150. A auna girmansa da tef: mun riga mun san murabba'in mita ɗaya ba ya wuce wat 200 da 'yan kai, duk wanda ya ce maka ƙaramin faifansa ya ninka haka, to lissafi ya ƙaryata shi.

Tsohon batir kuma kada a bar yara su fasa shi, kada a narka dalmarsa a tsakar gida. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara cikin 2010, ko da ya ke can daga dutsen zinariya ta fito. Dalma dai dalma ce.

Maƙwabtanmu sun riga sun soma. Akwai wani Banijare haifaffen Tasawa, Abdou Moumouni, an haife shi 1929, shekarar da aka kunna Kurra. Masanin kimiyya ne, daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na Nijar, yana ƙera tukwanen dafa ruwa da murhun rana tun mutane na yi wa abin kallon wasa. Jami'ar Yamai sunansa ta ke ɗauke da shi. Da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta cikin Agusta 2023 bayan juyin mulki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga nan ya ke zuwa, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da aka kunna a ƙarshen shekarar ta rage wa Yamai raɗaɗi. A Kano, Jami'ar Bayero ta sami tashar megawat 7.1 cikin Satumba 2019, aka kuma buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso cikin Janairu 2023. Waɗannan manya ne, aikin hukuma. A ganina, abin da zai fi ceton rai ranar da turaku suka faɗi shi ne ƙanana masu yawa: firjin allurar rigakafi a ɗakin shan magani, famfon rijiyar burtsatse, fitilar ɗakin haihuwa, ajin da yara za su yi karatun dare. Famfon burtsatse ma ba ya bukatar batir, da rana ya cika tanki, tankin shi ne rumbunsa.

Ga aikin da na ke so kowannenku ya gwada lokacin koyon koyarwa. Ku nemi ƙaramin faifai daga matacciyar fitilar sola, da ƙaramin ƙwan tocila ko 'yar farfelar abin wasa. Ku fita da yara fili, ku jona. Yaro guda ya rufe ƙwaya ɗaya tak da ganye, su ga yadda ƙarfin faifan duka ya ke faɗuwa, domin ƙwayoyin a jere su ke kamar masu miƙa bokiti, in ɗaya ya tsaya duka sun tsaya. Daga nan za su gane dalilin da ya sa ba a kafa faifai inda inuwar mangwaro ko ta tanki za ta taɓa shi. A barbaɗa masa ƙura a duba, a goge da tsumma mai laima a sake dubawa. A karkata shi gabas, yamma, kudu, arewa. Jos tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka faifan da za a kafa dindindin ya fuskanci kudu, a ɗan jingine shi digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama ma zai riƙa wanke shi. In koyarwarku ta faɗo tsakiyar Afrilu ko ƙarshen Agusta, ku kafa sanda a miƙe da tsakar rana, yara su ga inuwarta ta ɓace, domin a kwanakin nan rana ta kan tsaya daidai bisa kanmu.

Sa'an nan ku ba aji littafi guda, a ja layi uku: ranar wata, awoyin da aka sami wuta, da yanayin sama, ko garau, ko hazo, ko gajimare, ko ruwa. Kowace rana yaro ɗaya ya cika. In zangon karatu ya ƙare a haɗa jimla, a ƙirga kwanakin da babu wuta amma akwai rana. Ku kawo mini littattafan in kun dawo, mu haɗa na Mangu da na Riyom da na Shendam da na cikin gari mu kwatanta, abin da ya fito kuma a buga shi a waɗannan shafuka.